Inabi ɗaya, kwalba uku: fashin baƙi daga wata ƙaramar gonar inabi a Kalifoniya

Duk wanda yake zuwa dina ko liyafar biki a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san waɗannan kwalaben masu dogon wuya da ake naɗe musu kai da takarda mai ruwan gwal, a jera ɗaya ko biyu kan kowane tebur, can tsakiyar taro a ce a buɗe wain. Mafi yawanmu abu ɗaya muke dubawa, an rubuta babu barasa ko ba a rubuta ba, in an rubuta shikenan a zuba. Kuma ga musulmi wannan ita ce tambayar farko, ba gardama. Abun da ke damuna shi ne ita kanta tambayar ba ta amsuwa daidai sai mutum ya san yadda abun yake tasowa tun daga gona, dan abubuwa uku ne daban daban ake zubawa a kwalba iri ɗaya, kuma duka ukun daga inabi suke, wani sa'in ma daga gona ɗaya, layi ɗaya, ranar tsinka ɗaya.

Shiyasa na ɗauko wata ƙaramar gona a Amurka in yi bayani da ita, sunanta Navarro Vineyards. Ba talla nake musu ba, kayansu ma ba su iso kasuwanninmu ba. Na zaɓe su ne sabida suna cikin 'yan ƙalilan da suke yin abu biyun a fili, su yi giyar inabi, su kuma yi ruwan inabi zalla wanda bai taɓa zama giya ba, daga irin inabin nan dai na giya, dan haka a wajensu ana ganin daidai inda hanya ta rabu.

Gonar tana wani ɗan ƙauye da ake kira Philo, cikin kwarin Anderson, a gundumar Mendocino, arewa da San Faransisko. Wasu mata da miji, Ted Bennett da Deborah Cahn, su suka sayi filin a 1973, da can makiyayar tumaki ce, suka fara dashe a 1974. A lokacin ba kowa yake kallon wajen a matsayin ƙasar inabi ba, itacen katako da tuffa da tumaki aka san shi da su, kuma ana ganin ya cika sanyi. To sanyin nan shi ne ya zama arzikin wajen. Kogin Navarro yana bin kwarin ne ya faɗa tekun Fasifik, ta wannan ƙofar hazo mai laima yake shigowa da daddare ya kwanta kan gonaki, sai rana ta ɗaga ya watse. Da rana akwai zafin da zai nunar da inabi, da dare kuma sanyi sosai. A 1982 gidan giyar Louis Roederer na yankin Shamfen a Faransa ya zo ya kafa gona a kwarin, a 1983 gwamnatin Amurka ta amince da Anderson a matsayin yankin inabi mai sunan kansa.

Me ya sa sanyin dare yake da muhimmanci haka? Ɗan inabi tun yana kore tsami ne zalla a cikinsa, yayin da yake nuna suga na ƙaruwa tsami na raguwa, kuma zafi ne yake cinye wani sashe na tsamin, musamman zafin dare. In gari ya yi zafi dare da rana inabi zai yi zaƙi da wuri amma ya zama salam, zaƙi kawai ba abun da ya tare shi. In dare na da sanyi sai sugan ya hau a hankali tsamin kuma bai gudu ba, ƙamshi ya samu lokacin taruwa. Kusan duk rigimar manomin inabi a watan Satumba da Oktoba a kan wannan take, yaushe za a tsinka. Kwana uku ko huɗu na iya sauya komai, shiyasa za ka ga ana ɗanɗanawa ana aunawa kullum, kuma gonaki da yawa a Kalifoniya da daddare ko da asuba suke tsinka da fitila dan inabin ya iso wajen matsa da sanyinsa.

Akwai ma'aunin suga da suke amfani da shi, Brix. In aka ce 24 to kusan giram 24 na suga ke cikin giram 100 na ruwan. Inabin giya galibi tsakanin 22 zuwa 26 ake tsinke shi. Ku gwada da Coca-Cola da ke da wajen giram 10 zuwa 11 a mililita 100, kun ga ruwan inabin giya ya ninka lemon kwalba zaƙi. Mutane da yawa suna zaton inabin giya wani abu ne mai ɗaci, alhali ya fi wanda muke saya wajen mai kayan marmari zaƙi nesa ba kusa ba. Bambancinsu a jiki ne. Na ci, irin su Thompson Seedless da Red Globe da Crimson, manya ne, ɓawo siriri, tsoka mai ƙaras ƙaras, an zaɓe su dan su jure tafiya da ajiya. Na giya ƙanana ne, ga ƙwallo a ciki, ga ruwa sosai, ɓawon ya fi yawa in ka gwada da girman ɗan, kuma a ɓawon nan launi yake, a nan mafi yawan ƙamshi yake. Duka jinsi ɗaya ne a wajen masana tsirrai, amma irin da ake yin wain na kasuwa da su kaɗai sun haura 1,000.

A cikin duk waɗannan wanda Navarro suka yi suna da shi shi ne Gewürztraminer, kuma a nan nake so in daɗe kaɗan dan shi ne ya fi nuna abun da nake son faɗi. Inabi ne mai ɓawo ruwan hoda, amma abun shan da ke fitowa daga gare shi fari ne mai ɗan ruwan zuma. Yankin Alzas na gabashin Faransa, bakin iyakar Jamus, can ne gidansa da aka fi sani. Ƙamshinsa baya ɓuya, furen wardi ne da wani ɗan itacen ƙasar Sin da ake kira lici, kuma ba wai kama kawai suke ba, masana sun gano sinadarin ƙamshi iri ɗaya a cikin licin da inabin. Abun lura a nan shi ne ƙamshin Gewürztraminer tun a cikin ɗan inabin yake, ka tsinka ka tauna za ka ji shi. Haka ma Muscat. Amma ba duk inabi ne haka ba. Sauvignon Blanc misali, mafi yawan ƙamshin da aka san giyarsa da shi a ɗaure yake cikin ruwan, sai yis, ƙananan halittun da ke juya suga ya koma barasa, ya yi aiki ya kwance shi. Chardonnay kuwa ruwansa ba wani ƙamshi mai ƙarfi, halinsa daga ƙasa da ganga da hannun mai yi yake zuwa. Wannan shi ya sa in za a yi ruwan inabi zalla, Gewürztraminer yana cikin waɗanda suka fi dacewa, ba ya buƙatar ya tsimu kafin ya nuna kansa. Wahalarsa ita ce yana tara suga da sauri kuma tsaminsa kaɗan ne, a wuri mai zafi sai ya yi nauyi ya gundiri mutum, dan haka sai irin kwarin Anderson.

Na biyu shi ne Pinot Noir, baƙin inabin yankin Burgundi na Faransa. Manoma na cewa yana da wuyar sha'ani kuma gaskiya ne, ɓawonsa siriri, 'ya'yan a cunkushe suke jikin juna, laima kaɗan sai ruɓa ta shiga tsakani, rana ta yi yawa ya ƙone. Ga wani abu da ba kowa ya sani ba, in ka matse baƙin inabi nan take ruwan da zai fito fari ne. Launin duk a ɓawo yake. Shiyasa a Shamfen suke yin farin abun sha da Pinot Noir, su matse a hankali su raba ruwa da ɓawo da sauri. Jan wain kuwa ana barin ruwan ne tare da ɓawo da ƙwallo kwanaki har makonni yana tsimuwa, barasar da ke tasowa tana jawo launi, tana kuma jawo wani abu da ake kira tanin. Tanin shi ne bauri. In ka tauna goro ka ji bakinka ya bushe harshe ya kama, to irin wannan ne, yana kama sinadarin da ke sa yawu santsi ya ɗaure shi. Cabernet Sauvignon mai kaurin ɓawo bauri gare shi sosai, Pinot Noir kaɗan. Af, shi Cabernet Sauvignon ɗin da ya cika duniya ma ɗa ne, a 1997 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka tabbatar ta gwajin ƙwayoyin gado cewa iyayensa Cabernet Franc ne da Sauvignon Blanc, baƙi da fari suka haifi baƙi.

Suna kuma shuka Riesling, farin inabin Jamus mai tsami sosai, da Pinot Gris da Chardonnay da Muscat. Wasu shekarun in yanayi ya ba da dama sukan bar Riesling ko Gewürztraminer a jikin kuringa har ya wuce lokaci, wata irin fumfuna ta kama shi ta huda ɓawon ruwa ya tsane suga ya taru, a bi ana zaɓa da hannu. Fumfunar nan in laima ta yi yawa ita ce ke lalata gona gaba ɗaya, in kuwa safiya laima rana bushewa sai ta zama alheri. Abun da ke fitowa kaɗan ne ƙwarai, mai kauri da zaƙi, shiyasa yake tsada.

To yanzun mu zo inda hanya ta rabu. An tsinko inabi, an matse, ga ruwa a tanki. A jikin ɓawon da cikin iska da jikin kayan aiki akwai yis, wasu ƙananan halittu da ido baya gani, dangin wanda ake kwaɓa burodi da fanke da shi. Aikinsu su ci suga su fitar da barasa da iska. Ba sai an zuba komai ba, in ka bar ruwan a ɗumi shi da kansa zai fara kumfa cikin 'yan kwanaki. Louis Pasteur ne a Faransa tun wajen 1857 ya nuna cewa halittu masu rai ne ke wannan aikin. Ruwan da ke da suga 24 in yis ya cinye shi tas zai ba da barasa wajen kashi 13 zuwa 14 cikin 100. Wannan ita ce kwalba ta farko, giya, ba wani kwana kwana. In ka ji an ce wain ɗin busasshe ne to nufinsu yis ya cinye sugan duka, ba zaƙi ya rage.

Kwalba ta biyu ita ce wadda aka tare yis tun kafin ya fara. Wanda ya fara yin wannan dan kasuwa wani likitan haƙori ne, Thomas Welch, a garin Vineland na jihar New Jersey a 1869, ɗan cocin Methodist ne mai ƙyamar giya, yana neman ruwan inabin da za a sha a coci ba barasa, sai ya ɗauki dabarar Pasteur ya dafa ruwan a kwalba ya kashe yis. Inabin da aka san kamfaninsa da shi Concord ne, jinsin Amurka, wanda wani Ephraim Bull ya fitar a 1849, kuma ƙamshin nan mai ƙarfi da muke ji a alewa da cingam masu ɗanɗanon inabi kwaikwayon Concord ne, ba na inabin Turai ba. Matsalar dafuwa ita ce zafi na kashe ƙamshi mai laushi, ruwan ya ɗauki ɗanɗanon dafaffen abu. Dan haka masu yi da inabi irin su Gewürztraminer sukan bi hanyar sanyi, da an matse a sanyaya ruwan sosai yis ya kasa motsi, laka ta kwanta, sannan a tace ta matata mai ƙananan ƙofofin da yis baya iya wucewa, a zuba a kwalba mai tsabta. Aiki ne na gaggawa da tsantseni, ƙwayar yis kaɗan ta tsallake sai kwalba ta fara aiki a kan kanta. A ganina yin ruwan inabi mai kyau bai fi yin giya sauƙi ba, dan giya ita ce inda ruwan yake son zuwa da kansa, kai kuma kana tare shi. Wanda ake sa wa gas ya yi kumfa in an buɗe shi ma nan yake, iskar lemon kwalba ce aka tura masa, ba daga tsimuwa ta zo ba.

Kwalba ta uku ita ce mai rikitarwa, kuma ita ce dalilin wannan dogon rubutun. Ana yin giya cikakkiya, ta tsimu ta gama, sannan a cire barasar. Wani Bajamushe Carl Jung, ɗan gidan masu inabi, ya yi rajistar dabarar a 1908, a zuƙe iska daga tukunya yadda barasa za ta tashi a ɗan ɗumi kaɗan ba sai an tafasa ba. Yanzun akwai injina na zamani da matatai masu raba barasa da ruwa. A dokar Tarayyar Turai ta 2021 ana kiran abu wain da aka cire wa barasa in abun da ya rage bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. Kun ga kenan kwalba biyu na iya cewa babu barasa, ɗaya bata taɓa zama giya ba, ɗaya giya ce aka sauke mata ƙarfi. A jikin takardar in ka ga an rubuta "grape juice" ko "sparkling grape juice" to ta biyun ce. In ka ga "dealcoholised" ko "alcohol removed" to ta ukun ce. A juya bayan kwalba a karanta jerin kayan haɗi, nan gaskiya take, ba a gaban da aka ƙawata ba.

Malamai sun yi magana kan wannan kuma ba bakinsu ɗaya ba, amma akwai abun da ya kamata a sani. Majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya a 2011 ta ce abun shan da aka yi shi ta hanyar yin giya haramun ne ko da an tace barasar, shi kuwa wanda ba dan giya aka yi shi ba, ɗan ɓurɓushin barasa ƙasa da kashi 1 cikin 100 da ya samu a cikinsa baya haramta shi. Wato su hanya suka duba ba lamba kaɗai ba. Wasu malaman kuma sun tsaya ne kan ko yana sa maye. Kowa ya koma wajen malaminsa, amma ya je da tambayar daidai, ya ce masa wace kwalba ce cikin ukun. Kuma maganar tare tsimuwa ba baƙuwa ba ce a addini. A Sahih Muslim Ibn Abbas ya ruwaito ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi ya sha ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abun da ya rage a bayar ko a zubar. A Muwaɗɗa kuma akwai labarin Sayyidina Umar a Sham ya halatta ruwan inabin da aka dafa har kashi biyu cikin uku ya ƙone. Suga ya yi yawan da yis baya iya rayuwa a ciki, kuma har yau a Turkiyya da Lebanon ana yin wannan madin inabin ana ci da burodi.

Sai maganar haɗawa da abinci, wadda mutane ke ɗauka iyayi ne na Turawa. Wani ɓangaren iyayin ne kam, amma ƙasansa akwai abun da harshen kowa zai tabbatar. Tsami yana yanke maiƙo, in ka ci abu mai kitse ka kurɓi mai tsami baki zai wartsake loma ta gaba ta yi daɗi kaman ta farko. Zaƙi yana kwantar da zafin barkono, barasa kuma ƙara rura shi take. Bauri in ya haɗu da nama mai kitse sai ya yi laushi, in ya haɗu da yaji mai zafi ko kifi mai mai sai baki ya yi ɗaci. Gishiri yana danne ɗaci ya fito da zaƙi. Kuma in abincin ya fi abun shan zaƙi to abun shan zai koma tsami salam a baki. Daga waɗannan 'yan ƙa'idojin duk sauran suka fito. Mutanen Alzas suna haɗa Gewürztraminer da cukunsu na Munster mai ƙarfin wari, dan sai mai ƙamshi kamarsa ne zai tsaya gaban cukun bai ɓace ba, a Amurka kuma an saba ba da shi da abincin Indiya da Tailan mai yaji. Riesling da tsaminsa kifi da kaza cikin miya mai man shanu. Pinot Noir tunda baurinsa kaɗan ne yana cikin jajayen da ake iya haɗawa da kifin samon, sai agwagwa da naman rago da naman kaza na daji, wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci. Cabernet sai gasasshen naman sa. A yankin Luwar na Faransa cukun akuya da Sauvignon Blanc, tsami ya gamu da tsami.

Amma ga inda nake ganin ana kuskure sosai, a ɗauko wannan jadawalin na giya a ɗora kan ruwan inabi. Ba zai hau ba. Giyar Pinot Noir ba suga a cikinta, akwai ɗan bauri. Ruwan Pinot Noir kuwa sugansa duka na nan, baurin kusan babu tunda bai daɗe da ɓawo ba, launinsa ma ruwan hoda ne ko ja mai haske. Suna ɗaya, hali daban. Dan haka duk ruwan inabi zalla, fari ko ja, ka ɗauke shi a matsayin abun sha mai zaƙi ka nema masa abokin da ya dace, wato mai yaji, mai gishiri, mai hayaƙi. A nan kam abincinmu ya samu shiga. Tsire da yajin ƙuli, kilishi, balangu, farfesun kayan ciki mai attaruhu, dambun nama, duk waɗannan ruwan inabi mai ƙamshi da sanyi sosai yana tafiya da su, zaƙin ya lallashi barkonon gishirin ya rage nauyin zaƙin. Inda ba na so shi ne a haɗa shi da kek na biki ko alkaki ko nakiya, suga kan suga, kurɓi biyu mutum ya ƙoshi ya kasa cin komai. Da shinkafa mai mai ko soyayyen nama kuma zaƙin kaɗai baya isa, tsami ake buƙata, sai a sirka rabi da rabi da ruwan soda a ɗiga lemon tsami, wallahi sai ya zama wani abu daban. Masu ciwon suga kuma dan Allah a kula, rashin barasa bai rage masa suga ko kaɗan ba, shi ya ma bar sugan a ciki.

Akwai abu na huɗu ma da Navarro suke yi, ruwan ɗanyen inabi, wanda Faransawa ke kira verjus. Tsakiyar lokacin girman inabi manomi yakan rage nonnan inabi tun suna kore dan waɗanda suka rage su nuna da kyau, maimakon a zubar sai a matse. Tsami ne mai taushi, bai kai lemon tsami kaifi ba, bai da warin binega, kuma bai tsimu ba. Turawan zamanin da sun yi girki da shi sosai kafin lemon tsami ya wadata, Iraniyawa da Lebanawa har gobe suna sa shi a miya da salak. Shi ne kuma maganin yawan zaƙin ruwan inabi, ɗan kaɗan a kofi ya daidaita shi.

Wani zai ce to me ya sa ƙaramar gona take wahalar da kanta da abubuwa barkatai haka. Lissafi ne. Ka dasa kuringa sai wajen shekara uku kafin ka tsinki abun kirki, kafin nan kuɗi ne kawai ke fita. Tan ɗaya na inabi kwalba 700 da 'yan kai yake bayarwa. Gangar itacen oak irin ta yankin Bodo na Faransa lita 225 take ci, kwalba 300 kenan, kuma sabuwa daga Faransa tsada gare ta, ga jan wain sai ya kwana a ciki wata da watanni kafin a sayar. Ruwan inabi kuwa ba ganga ba jira, an tsinka yau kafin 'yan watanni ya fita kasuwa, kuma yaro da mai ciki da direba da wanda baya shan giya duk sun zama masu saye. Sannan a Amurka tun da aka ɗage dokar hana giya a 1933 tsarin shi ne mai yi ya sayar wa dillali, dillali ya sayar wa mai shago, kowa ya yanki nasa, kuma babban dillali bai cika kula ƙaramin mai gona ba. Shiyasa Navarro suka dogara kan sayarwa kai tsaye, mutum ya zo gona ya ɗanɗana ko a aika masa gida. Hukuncin kotun ƙolin Amurka na 2005 da ya hana jihohi fifita gonakinsu kan na waje wajen aikawa kai tsaye ya buɗe wa irinsu ƙofa sosai. Tumaki ma ba su bar filin ba, ana sakin wasu gajeru cikin layukan inabi su ci ciyawa su bar taki.

Wannan bangaren ne yake sa ni tunanin manomanmu na Kudan a jihar Kaduna da suka rungumi noman inabi. Nasu na ci ne, kuma yanayinmu daban, babu hunturun da kuringa za ta yi barci, sai dai a yi mata aski a tilasta mata fure yadda amfanin zai nuna cikin rani ba ruwan sama, irin yadda manoman Nashik a Indiya suke yi. Sanyin daren hunturunmu shi ne ɗan abun da ke taimakon tsami da launi. Ba na ce a kawo Pinot Noir Kudan ba, zafinmu zai gama da shi. Amma duk mai gonar inabi yana da nonnan da ya rage suna kore, yana da waɗanda suka fashe ko suka yi ƙanana ɗan kasuwa ya ƙi ɗauka, kuma duka lokaci ɗaya suke nuna farashi ya faɗi. Na koren ruwan tsami ne na girki, ƙananan zabibi ne ko madi ko jus, ga kasuwar biki nan muna cika ta da kwalaben da aka shigo da su daga waje. Abun da zai tsaya a gaba shi ne sanyi da tsabta, dan a zafinmu yis baya jira. Wanda ya matse inabi a gida ya sa a firji nan take ya shanye cikin kwana biyu ko uku, in wuta ta ɗauke ya kwana a ɗumi ka ga ƙananan kumfa suna tasowa, murfin roba ya kumbura, ƙamshin ya koma na ƙullun da ya tashi, to ya fara juyawa, a zubar. In ana so ya daɗe sai a ɗora a wuta ya yi zafi sosai ba tare da ya tafasa ba, a zuba da zafinsa a kwalbar gilashi da aka dafa, a rufe gam, bayan an buɗe kuma ya koma firji.